Alwalar Malam Alkasim

Ranar Lahadi da hantsi masu kamun ƙaguwa suka tsinci gawar wani baƙar fata a cikin laka, ƙarƙashin gidajen katako na tsibirin Pulau Bakau. Kafin azahar an kai ta asibiti a Klang, an kuma san ko wane ne: Malam Alkasim, malamin jami'a daga Kano, wanda ya gama digirinsa na uku a Kuala Lumpur, yana jiran bikin yaye ɗalibai ya tattara iyalinsa ya koma gida.

Insfekta Ubale yana gidansa a Taman Melati, yana kokawa da wani aikin makaranta da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wayarsa ta yi ƙara. Ɗan sandan Nijeriya ne da ya zo ƙaro karatu, kuma ya ɗauka ya baro gawa da fayil a can gida. Mai kiran Insfekta Adnan ne na 'yan sandan Malesiya, ɗan ajinsu.

"Mutanenka ne, lah," in ji Adnan, da lah ɗin nan da 'yan Malesiya ke ƙare magana da ita. "Da Turanci kowa yana ba ni amsa kalma ɗaya. Ina son mai jin abin da suke faɗa in sun juya harshe. Boleh?"

Ubale ya ce boleh, wato zai yiwu, ya ɗauki hularsa ba don ransa ya so ba. Ya san Alkasim. Sun sha yin sahu ɗaya ranar Juma'a.

A ɗakin ajiye gawa likita ya yaye mayafin. Akwai rauni a ƙeya, huhu kuma cike da ruwa. Ubale ya daɗe yana kallon hannayen rigar, an naɗe su har sama da gwiwar hannu. Ya tambayi agogo, aka ce a aljihun gaba aka same shi. Takalmansa kuwa a jere aka gan su a saman wata matakala ta siminti da ke bayan ƙauyen.

"Alwala yake yi," Ubale ya ce.

"Ko ma me yake yi, na riga na kama wanda ya tura shi," in ji Adnan.

Ya ba shi labarin a taƙaice. Jiya Asabar iyalai kaɗan na 'yan Arewa suka haɗa kulolin dafa-duka suka tafi tsibirin shan iska. A cikin jirgi Alkasim ya yi cacar baki da ƙanin matarsa, Khalifa, ɗalibi a wata kwaleji mai zaman kanta. Aminin mamacin, Bahauddeen, ya ce da la'asar ya rabu da shi a matakalar. Daidai lokacin ne kuma Khalifa ya ɓace da keken haya, ba wanda ya san inda ya shiga.

"Laifin kisa ne," Adnan ya ce. "In ya tsira daga igiya, zai fito da furfura."

Daga nan Ubale ya wuce gidan makoki. Ɗan ƙaramin falo ne a hawa na tara, takalma sun cika ƙofa har bakin lif. Hadiyya, matar mamacin, tana zaune a ƙasa cikin hijabi, idanunta sun ƙafe. Kusa da ita Turai ce, matar Bahauddeen, wadda ake kira Maman Abdul, riƙe da Bilqis 'yar marigayin a cinya. Tun jiya ba ta koma gidanta ba.

Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya tambaya a kan faɗan cikin jirgi.

"Kan gashi ne, Baban Hafsa," Hadiyya ta ce, tana kiransa da sunan 'yarsa. "Abban Bilqis ya ce Khalifa ya aske tarin sumar nan kafin mu koma gida, shi kuma ya ce kansa ne. Kullum haka suke, da daddare ka gan su suna kallon ƙwallo tare." Muryarta ta karye. "Ni na roƙi Mama ta bar shi ya zo nan karatu. Yanzu in kira ta in ce mata me? Miji ya tafi, ɗanta kuma yana hannun hukuma?"

Ubale ya sunkuyar da kai. Tausayi ya kama shi sosai, irin wanda aikinsa ya hana shi nunawa.

"A 'yan kwanakin nan akwai abin da ya dame shi?"

"Ba ya barci sosai. Ko ankon biki da muka je saya da Maman Abdul a Jalan Masjid India, sai ya ce in dakata, kada mu kai ɗinki. Na tambaye shi dalili, ya ce ba maganarsa ba ce."

Turai ta share hawaye da gefen mayafi. "Rana ɗaya za a yaye su da maigidana, Dokta Baha. Har Hajiyarsu Dokta ta yi biza, za ta zo ta gani da idonta. Kai, duniya."

Ubale ya riƙe wannan a ransa, ya yi sallama.

A sel ɗin caji ofis ya sami Khalifa zaune a kan siminti, sumar da ake faɗa a kanta ta cukurkuɗe. Duk gayun ya zube, saura yaro mai jin tsoro.

"Ina ka je da la'asar?"

"Salla na je yi, Yallaɓai."

"A tsibirin da babu masallaci? Wajen ibadar 'yan Sin ka shiga?"

Khalifa ya kau da kai, Ubale ya matso kusa da shi.

"Saurara. Ni ba ƙanin babarka ba ne, ban zo yi maka wa'azi ba. Ƙaryar nan ita za ta rataye ka."

"Wani kedai na shiga," ya ce a hankali, yana nufin ɗan shago. "Na sha kwalba biyu. Abeg, kada Anti Hadiyya ta ji. Wallahi ban taɓa shi ba. Salla ma tun azahar muka haɗa ta da la'asar, mu duka, a rumfar da muka kama."

"Har da Malam Alkasim?"

"Ban da shi. Dokta Baha ya ce ya tafi ɗaukar hoto, zai yi tasa. Dokta ne ya ja mu. Har sai da aka yi masa subhanallahi, ya fara Fatiha da ƙarfi kamar magariba."

"Kafin sallar kana ina?"

"Wajen kuloli. Ni na raba abinci, kowa ya gan ni."

Ubale ya fito yana juya maganar. Alkasim ɗin da ya sani, ko ruwa ake da ƙanƙara ba ya barin jam'i saboda hoto. Amma wannan zato ne kawai, kuma zato ba ya buɗe ƙofar sel.

Ya roƙi Adnan su je tsibirin washegari, su tafi da Bahauddeen ya nuna musu wurin da ƙafarsa.

Litinin da safe suka hau jirgin ƙasa zuwa Port Klang, daga nan suka shiga wani dogon jirgin ruwa mai rufi, mai warin man dizal da kifi. Bahauddeen ya zo cikin farar shadda da tabarau, carbi a hannu. Mutum ne mai fara'a da iya magana. Tun shekarar da ya sauka ƙasar ake kiransa Dokta, don mutanenmu ba sa jiran takarda kafin su naɗa wa mutum rawani, shi ma bai taɓa cewa a dakata ba.

Hadari ya rufe sama, ba ruwa ba rana. Jirgin ya ratsa tsakanin itatuwan da suka tsiro a cikin ruwan gishiri, har tsibirin ya bayyana. Babu ƙasa a wurin ko ta shuka albasa. Gari ne sukutum a kan dirkoki, gidaje da shaguna da hanyoyi duk a sama, ruwa yana wucewa ta ƙarƙashinsu. A tashar, jiragen kamun kifi masu shuɗin fenti suna gogar juna, tsofaffi suna gyaran koma, an baza ƙananan kifaye a kan buhuna suna jiran ranar da ta ƙi fitowa. Babu mota ko ɗaya, sai kekuna. Matasa duk sun tafi birni, rabin gidajen a kulle.

Ubale ɗan Ɓaɓura ne. Ruwa mafi girma da ya sani yana yaro shi ne kududdufin bayan gari. Ya taka katakon nan a hankali, yana jin ruwa na motsi a ƙarƙashin tafin ƙafarsa, bai ji daɗin wurin ba ko kaɗan.

Bahauddeen ya ja su ta wani lungu zuwa bayan ƙauyen. Rana tana tsaka lokacin. Ga matakalar, ruwa ya cika har yana lasar hawa na uku daga sama.

Da Turanci ya maimaita wa Adnan abin da ya faɗa jiya, jimla biyu. Sannan ya juyo wajen Ubale, harshe ya sake.

"Ofisa, kamar yanzu nake ganinsa. La'asar ta yi, na ɗan fito daga rumfa in neme shi. Na same shi a nan ya tsuguna, yana kamfatar ruwa da hannu. Na ce Malam, ga famfo can a gidan abinci. Ya ce shi ba zai yi alwala inda ake dafa alade ba, ruwan teku mai tsarki ne. Ka san shi da tsantseni. Na ce to, sai ka zo. Ina juyawa na hangi yaron nan a kan keke ya nufo nan."

"Jiya ba ka ce ka ga Khalifa ba."

"Nauyin Hadiyya nake ji. Amma rai ya fi gaban kara."

"Da azahar fa, ina Malam yake?"

"Yawon hotonsa. Ni ina wajen jama'a, ni na ja salla ma."

Ubale ya gyaɗa kai. Labarin ya zauna daram, har ya dace da hannun riga da agogo. Ransa ya ɓaci, don ya fara ganin yaron nan ba zai fita ba.

Suka bar Bahauddeen a ɗan ofishin 'yan sandan tsibirin, ɗaki ɗaya da fanka, wani kurtu ya kawo masa shayi. Su kuma suka shiga neman shagon da Khalifa ya faɗa.

Sun same shi a ƙarshen wata hanya, wata tsohuwa 'yar Sin tana ɓare tafarnuwa a ƙofa. Ta tuna baƙin yaro mai suma. Ya sha kwalba biyu, ya sayi cingam ya tauna. Da wane lokaci? Ta ɗaga kafaɗa. Da rana dai. Ita ba ta kallon agogo, ba inda za ta.

"Ka gani," Adnan ya ce da suka fito. "Zai iya sha, ya je ya tura shi, ko ya tura shi ya zo ya sha."

"Yi mini alfarma ɗaya. Kira jami'arsu, ka tambayi ranar da za a yaye Bahauddeen."

"Me ya haɗa wannan da wancan?"

"Wataƙila babu. Mamacin ya hana matarsa ɗinka kayan biki, ina son in san bikin wa yake shakka."

Adnan ya koma gefe da waya. Aka yi ta tura shi daga wannan ofis zuwa wancan, kamar yadda ake yi a ko'ina a duniya. Ubale ya zauna a kan wani benci yana kallon kare na barci a ƙarƙashin keke, har ya duba wayarsa ya ga la'asar ta yi. Shi ma bai ga wurin alwalar da ransa ya kwanta da shi ba, sai ya nufi matakalar.

Ya tuɓe takalmi, ya naɗe hannun riga, ya sa ƙafa a hawa na farko, ya tsaya.

Babu ruwa.

Matakalar ta miƙe tsirara har ƙasa, kore shar da gansakuka, ta ƙare a cikin baƙar laka mai wari. Ƙananan ƙaguwa suna ta kai da kawo. Kwale-kwale biyu sun kwanta a kan haƙarƙarinsu. Tekun kuwa ta koma can nesa, sai ɗan layi fari ake hangowa, ko da gudu mutum ya tafi sai laka ta haɗiye shi kafin ya kai.

Ya ƙwala wa Adnan kira.

"Ina ruwan ya tafi?"

Adnan ya dube shi kamar ya tambayi ina rana take zuwa da dare. "Ya janye, lah. Kullum sau biyu. Anjima zai dawo."

"Shekaranjiya da la'asar fa?"

"Ya fi haka janyewa. Kowace rana yana ƙara makara ne. Me ya faru?"

Ubale ya fassara masa abin da Bahauddeen ya faɗa da Hausa, kamfatar ruwa da hannu da sauransu. Adnan ya daina murmushi.

"Da Turanci bai ce mini alwala ba. Da ya faɗa, da tun jiya na kama shi."

"Ba zai faɗa maka ba. Kai baƙo ne, amsa kawai zai ba ka. Ni ne na gida, ni zai ƙawata wa labari." Ubale ya saki hannun rigarsa. "Abin da ya gani ya faɗa, lokacin kawai ya matsar. Mu a wurinmu ruwa inda ka bar shi nan za ka same shi, sai dai in rani ya yi. Ni ma da ban zo alwala ba, da na sa hannu an kai yaron nan kotu."

"Jami'a ma sun amsa," Adnan ya ce. "Ba ya cikin waɗanda za a yaye. Sun sallame shi tun shekara biyu da suka wuce."

Ubale bai ji daɗin da mai bincike ke ji in zare ya kama ba. Turai ya tuna, da yarinyar a cinyarta.

Kurtun ya zo da Bahauddeen ta cikin lungun. Yana tafe yana jan carbi, yana tambaya ko jirgin komawa ya kusa.

"Ya kusa," Ubale ya ce. "La'asar ta yi, Dokta. Sauka ka yi mana alwala a inda ka bar Malam."

Bahauddeen ya matso bakin matakalar. Ya dubi laka, ya dubi kwale-kwalen da ke kwance, ya ɗaga kai ya nemi tekun. Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Ranar... ranar akwai ruwa."

"Akwai, da azahar. Lokacin Khalifa yana raba shinkafa a gaban mutum goma sha. Da la'asar nan wurin ya fi haka bushewa. Tashar da kuka hau jirgi tana gefen mai zurfi, shi ya sa ba ka lura ba. Kai da ka yini a cikin rumfa don kowa ya gan ka."

"Wataƙila na rikita lokacin ne. Mutum yana cikin tashin hankali..."

"Ka rikita sallar azahar ma. Me ka baro a nan da ya sa ka karanta Fatiha a bayyane?"

Bahauddeen ya kau da kai daga lakar.

"Mun yi magana da jami'a," Ubale ya ce.

Wannan ce ta karya shi. Ya zauna a kan simintin, farar shaddar a cikin datti, ya cire tabarau. Da ya fara magana muryarsa ba ta rawa, kamar wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi.

"Sau biyu suna mayar mini da aikin digirin. Na uku suka ce in tafi. Na dawo gida ran nan zan faɗa wa Turai, na tarar ta yi baƙi, tana ce musu Dokta ya kusa gamawa. Na ce gobe. Kullum da safe in saɓa jaka in fita, in zauna a masallaci ko a shagon shayi har yamma. Alkasim kaɗai ya sani. Ya rufa mini asiri, har abinci yake saya mini."

"To me ya canza?"

"Hajiya. Da ya ji ta yi biza sai ya ce ya isa. Ya ce ba zai zuba ido tsohuwa ta keto duniya ta zauna a zaure tana jiran a kira sunan da ba za a kira ba. Ya ja ni nan don mu yi magana ba kowa. Ya ce in faɗa wa Turai a daren, ko shi ya faɗa wa Hadiyya ta faɗa mata. Na roƙe shi, har na durƙusa. Ya ce Baha, gaskiya ce gatanka, ya juya ya tsuguna ya fara alwala, kamar an gama magana."

Ya dubi tafin hannunsa.

"Hannu ɗaya na sa. Ƙeyarsa ta bugi siminti, ya tafi. Na tsaya ina jira ya taso. Ban iya ruwa ba, Ofisa. Ban kuma kira kowa ba."

"Sai ka je ka ja mutane salla. Da aka zo tambaya kuma ka miƙa musu ƙanin matarsa."

"Yaro ne, na ɗauka za su sake shi."

Ubale ya juya wajen Adnan. Ya fassara masa kalma bayan kalma, bai rage ba bai ƙara ba. Adnan ya karanta wa Bahauddeen haƙƙinsa, kurtun ya sa masa ankwa.

Suka bi ta tsakiyar ƙauyen zuwa tasha. Tsofaffin da ke gyaran koma suka ɗago suka kalle su, suka mayar da kai ga aikinsu. An fara yayyafi, wata mata tana kwashe kifin da ta baza. A bakin jirgi Bahauddeen ya tsaya ya matso kusa da Ubale.

"Alfarma ɗaya, don Allah. In za ka gaya wa Turai, ka ce faɗa muka yi. Kada ka ce mata ban gama karatun ba."

Ubale ya dube shi ya daɗe. Kurtun ya ja Bahauddeen cikin jirgin.

Adnan ya riga ya kira caji ofis, ya ce a fara shirin sakin yaron. Ubale ya tsaya a ƙarƙashin rumfar tasha ya kira Hadiyya.

"Maman Bilqis, ki kira Mama. Khalifa zai kwana a gida in sha Allahu. Ba shi ba ne."

Ya ji ta saki kukan da ta riƙe tun jiya, tana hamdala tana shessheƙa. Daga bayanta wata murya tana lallashinta, tana cewa ta yi a hankali, ta sha ruwa tukuna. Muryar Turai ce.

"To wane ne, Baban Hafsa?" Hadiyya ta tambaya. "Tsaya in sa a sifika, Maman Abdul ma tana son ta ji."

"Kada ki sa," Ubale ya ce. "Ki ce mata ta zauna, kada ta tafi. Ga ni nan zuwa."